Kitsen Akuya a Cikin Injin Akoli

Ni dai tun farko ban ga abin so a jikin injin nan na Akoli ba. Baƙi ne, ga nauyi, ga hayaƙi, in ya tashi sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Amma shi ke jawo ruwan da ke shayar da garkar da nake sarin latas da tumatir, don haka ranar da ya ƙi tashi har da ni a cikin waɗanda hankalinsu ya tashi.

Shekarun da kasuwar uraniyom ta faɗi ne. Kamfanin da ke haƙo shi a Arlit ya sallami ma'aikata da yawa, ciki har da maigidana Andarawus, wanda ke gyaran injuna a garejinsu. Mutanenmu na Maraɗi da dama suka ɗaure kaya suka koma gida, har majami'armu ta rage in muna waƙa kowa na jin muryar kowa, mai daɗi da marar daɗi. Mu muka zauna. Baban Esta, haka nake kiransa, ya kafa rumfar kwano a bayan kasuwar Arlit yana gyaran babura da duk abin da aka kawo masa, ni kuma na ajiye tebur a gefensa ina sayar da kayan miya. Ba mu yi arziki ba, ba mu kuma kwana da yunwa ba, kuma gaskiya na ji daɗin samunsa kusa da ni, ina da wanda zan yi wa surutu duk yini.

Akoli Ba'abzine ne, garkarsa na bakin wata ƙorama a hanyar Gugaram. Da can da sa yake jan ruwa daga rijiya, yadda iyayensa suka yi. Fari ya kashe san, sai ya sayar da rabin awakinsa ya sayi wannan inji a gwanjon tsoffin kayan kamfani. Injin ya girmi 'yata Esta nesa ba kusa ba, ina jin ma ni kaina yayana ne.

Da hantsi ya iso ran nan, injin na bisa amalanken jaki, an lulluɓe shi da bargo kamar marar lafiya.

"Uwar Esta, ka kwana lahiya?" in ji shi. A bakin Akoli kowa "ka" ne, mace da namiji, na daɗe da daina gyara masa.

"Lahiya lau, Malam Akoli. Ina tumatirina?"

"Babu tumatir yau. Inji ya ƙi."

Ya zauna a bakin rumfa ya faɗa mana abin da ke ciki. Duk irin albasar da yake da shi ya dasa, fangali bayan fangali, bai rage komai ba. Dashen bai gama kama ƙasa ba injin ya tsaya. Shi da matarsa Dassin suna ja da guga tun asuba har rana ta faɗi, amma hannu huɗu ba su iya shayar da abin da inji ke shayarwa. In albasar nan ta ƙone, ba shi da wani iri, ba shi da abin sayen wani. 'Yan'uwan Dassin sun daɗe suna cewa su bar garkar su bi su Aljeriya neman aikin ƙarfi, yana ƙi. Wannan karon ba shi da bakin ƙi.

Baban Esta ba mai yawan magana ba ne in yana aiki, ni ke yi masa maganar. Ya buɗe tanki ya shinshina, akwai esansi, wato fetur. Ya bi tiyon mai, mai na sauka. Ya kwance buji, wato fulogi, ya duba, ya yi baƙi ƙirin, ya kankare shi ya wanke, ya ɗora shi a jikin injin ya ja igiyar tayarwa. Ko ƙyas babu. Ya ɗauko sabon buji daga akwatinsa, nan ma shiru.

"Malam Akoli, riƙe mini bakin wayar nan," in ji shi.

Na juya baya ina gyara attarugu don kada dariyata ta tona shi. Na san wannan dabarar tasa. Na ga manyan mutane masu babbar riga sun yi tsalle sun kira sunan uwarsu a rumfar nan. Akoli ya riƙe wayar da yatsa biyu, Baban Esta ya ja igiya da ƙarfinsa duka. Akoli yana tsaye yana kallonsa.

"Ba ka ji komi ba?"

"Me zan ji?"

Sai na ga fuskar maigidana ta sauya. Ya ce wutar ba ta fitowa tun daga ciki, sai an cire bolan, wato babban faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa a gefen injin. Sun daɗe suna fama da shi, ana bugun katako da guduma, ana juyawa, ana sake bugu. Da ya saki sai wani wari ya taso, har ƙudaje suka bar teburina suka koma wajensu. Cikin wurin duk ya cika da wani abu mai danƙo, ruwan ƙasa, ya haɗe da rairayi.

"Wane irin giris ne wannan?" in ji Baban Esta yana murza shi a yatsa.

Na matso na kai hanci. Shekara nawa ina tsaye a gaban tukunya, ba za a ɓoye mini wannan ba.

"Baban Esta, wannan ba giris ba ne. Kitsen akuya ne."

Muka juya muka kalli Akoli. Ko gezau bai yi ba, don bai ga laifin da ya yi ba. Ya ce a bakin rijiyarsu akwai takarkara, icen nan mai juyawa da igiyar guga ke bi ta kansa. In ya fara kuka, kitse ake shafa masa, ya yi shiru, ya daɗe bai lalace ba. Haka ubansa ya koya masa. To, ya ji injin na wani ɗan kuka daga ciki, ya ga 'yar taga a jikin faifan, sai yake tura masa kitse ta nan da tsinke duk ranar Juma'a.

"Abu yana yi maka aiki, ba ka ba shi komi?" in ji shi. "In an yanka akuya, nasa nake fara cirewa."

Na so in yi dariya, na kuma so in yi kuka. A shekarar da mutane ke wanke tukunya da ruwan zafi su sha don kada maiƙo ya tafi a banza, mutumin nan yana cire kitse daga bakin iyalinsa yana ba inji. Baban Esta ya buɗe baki zai yi faɗa, na taka masa ƙafa, ya rufe.

Ya wanke wurin da esansi tas, sannan ya nuna mana ɓarnar. Akwai wasu 'yan ƙarafa biyu ƙanana da suke kira bis-platine, ɗaya a tsaye, ɗaya a kan hannu mai motsi. Duk zagayen inji sai sun rabu sun sake haɗuwa, a rabuwar nan ne wuta ke tashi ta tafi buji. Abin da ke raba su wata 'yar dunduniya ce a jikin hannun, girmanta bai fi ƙwayar wake ba. Kitse ya kama rairayi, rairayi ya yi ta cin dunduniyar har ta shafe. Yanzu ƙarafan na manne da juna, ba abin da ke buɗe su.

"To, a sa wani," in ji Akoli.

"A ina za a samu?" in ji Baban Esta.

Nan aka shiga yawo. Ya fara da Nomau, mutumin Tawa mai sayar da kayan gyara a cikin kasuwa, wanda shagonsa ba abin da babu, daga fitilar mota har zuwa ƙusar takalmi. Nomau ya juya abin a tafin hannunsa ya ƙyalƙyale da dariya.

"Wanga? Andarawus, ko Yamai ka tahi ba ka samu nai. Waɗanda sunka ƙera shi ma sun mutu."

Da lokacin zaman lafiya ne, da sai a ba wani direba saƙo zuwa Agadas, ko a jira manyan motocin da ke saukowa ta Asamaka, direbobinsu kan zo da tarkace iri-iri. Amma tawaye ya rufe hanya. Mota ba ta fita sai a cikin ayari da rakiyar soja, ayarin kuma ba kullum yake tashi ba. Ko an aika, kafin amsa ta dawo albasa ta zama ciyawa. Baban Esta ya je jujin tsoffin ƙarafa a bayan gari ya yini yana tono, ya dawo da yanka a hannu da bis-platine kala-kala a aljihu. Na babur ya yi ƙanƙanta. Na mota ya yi daidai a girma, amma hannunsa na kallon wancan gefen. Wani kuma ramin ƙusarsa bai hau ba. Da yamma ya zube su a tabarma yana kallonsu, tuwonsa ya huce a gabansa.

Washegari na bar wa Esta teburin na bi Akoli garka. A bakin gari akwai shingen sojoji, suka sauke shi suka bincike amalanken har ƙarƙashin buhu, yadda ake yi wa duk mai rawani irin nasa a lokacin. Ya tsaya har suka gama. Ni na yi ta gaishe su da Hausar Maraɗi ina tambayar mutanen gida, har ɗayansu ya gaji da ni ya ce mu wuce.

Na tarar da Dassin a bakin rijiya, ta naɗe tafin hannuwanta da tsumma, tsumman ya yi ja. Na karɓi igiyar. Ni 'yar ƙauye ce, na san guga tun ina ƙarama, amma zaman Arlit da ruwan famfo ya lalata ni, kafin azahar bayana ya riƙe. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda Dassin ke zagaya fangulan tana zaɓe. Wannan za a ba shi, wancan a bar shi. Na can ƙarshen garka, masu nisa da rijiya, ta riga ta sallama su, ganyensu ya kwanta ya fara fari. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta dafa mana shayi a inuwar dabino, muka sha, muka koma kan igiya.

Da na dawo gari da la'asar na sami Illi a rumfarmu. Illi maƙeri ne, daga maƙeran gidan su Akoli tun kakanni, kuma a al'adarsu maƙeri na da bakin faɗa wa kowa abin da ya ga dama, ba mai riƙe shi da laifi. Da can azurfa yake ƙerawa yana sayar wa Turawa masu yawon ganin hamada. Tun da aka fara harbe-harbe Turawan suka ɗauke ƙafa, ya koma gyaran butar shayi da ƙotar wuƙa, yakan kuma biyo ta wajenmu neman guntayen wayar tagulla. Labarin kitsen ya riga ya kai kunnensa, yana ta ba mutanen rumfa dariya.

"Ubangijina Akoli! Saura kaɗan ya ɗaura masa aure," in ji shi. Sannan ya ɗauki hannun bis-platinen daga kan benci ya kai kusa da ido. "Wannan ne ya hana ku barci? Me yake yi?"

Baban Esta ya yi masa bayani a gajarce, da muryar wanda ya gaji. Dunduniyar sai ta kasance mai tauri, mai santsi, mai jure zafi, kuma wadda wuta ba ta bi ta cikinta. Ƙarfe ba zai yi ba, zai sha wutar. Ice zai cinye kafin sati. Roba za ta narke.

"Ƙaho," in ji Illi.

"Ƙaho?"

"Ƙahon sa. Can wajen tsini, inda ba rami. Da shi nake ƙotar takobi, jikan mai shi ya gada bai tsage ba."

Baban Esta ya girgiza kai. Ya ce shi shekarunsa a gareji bai taɓa ganin an sa ƙaho a cikin inji ba. Ni kuwa bayana na ciwo, hannuna ya yi kanta, ba ni da sauran haƙuri.

"Kitse ma ba ka taɓa gani ba sai shekaranjiya," na ce masa. "In bai yi ba me ka rasa? Ka je ka ga hannun Dassin tukuna ka dawo ka gaya mini abin da ba a taɓa yi ba."

Ya kalle ni, ya kalli Illi, ya jawo masa kujera.

Da safe Illi ya zo da 'yar jakar fatarsa da guntun ƙaho baƙi. Ya zauna a ƙasa ya riƙe ƙahon da yatsun ƙafa, yadda suke yi, yana gogawa da magagari. Aikin mutum biyu ne. Illi ya san ƙaho bai san inji ba, Baban Esta ya san inji bai san ƙaho ba, sai gardama suke yi kamar tsoffin abokan wasa. Dunduniyar farko ta tsage wajen huda, Illi ya ce laifin mai gaggawa ne, ya sake yanko wata ta bin tsawon ƙahon. Ya huda ta da ɗan tsinken ƙarfe mai zafi, warin ƙonannen gashi ya cika rumfa, ya ɗaure ta a hannun da 'yar ƙusar tagulla da ya buga da kansa. Da aka ɗora, ta yi tsawo, ƙarafan suka ƙi haɗuwa sam. A cire, a goga, a mayar. Baban Esta ya yago bakin kwalin shayi yana zurawa tsakanin ƙarafan, ya ce sai buɗewar ta yi daidai kaurin kwalin, ya shiga da ɗan ja. Na daina ƙirga sau nawa aka cire aka mayar.

Da aka mayar da bolan aka ɗaure, Baban Esta ya miƙa wa Akoli bakin wayar. Illi ya fizge.

"Kawo nan. Aikina ne, ni zan ji shi."

Ban hana shi ba, Allah ya gani. Baban Esta ya ja igiya. Illi ya yi wata ƙara ya watsar da wayar, ya yi baya ya zauna cikin kwandon albasar maƙwabciyata, yana zagin injin da harshensu. Duk bayan kasuwa aka fashe da dariya. Aka ɗora buji aka sake ja, ga wuta shuɗiya tana ƙyas-ƙyas, har daga teburina ina ganinta. Na ji daɗi har cikin raina.

Illi na kaɗe rigarsa ya ce akwai sauran magana. Ƙaho in ya bushe yakan tsage, yana son maiƙo kaɗan. Baban Esta ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya ne, ko ta kamfani ma akan ɗiga mata mai. Ya karyo ƙaya ya nuna wa Akoli: abin da tsinin ƙaya ya ɗauka, shi ke nan, a kan ƙahon kaɗai, sau ɗaya in wata ya tsaya, sannan a rufe tagar da ƙyalle saboda rairayi. Akoli ya karɓi ƙayar ya soke ta a rawaninsa.

Dukanmu muka tafi garka, har da Illi da ya ce ba za a ci tumatirin aikinsa babu shi ba. Muka iso rana ta karkata. Dassin na zaune a gindin rijiya, gugan na gefenta, ta kasa ɗaga shi. Fangulan ƙarshe sun tafi, ba mai dawo da su, kusan kashi ɗaya cikin uku na garkar. Sauran sun sunkuya, amma da kore a jikinsu.

Aka ɗora injin a mazauninsa, aka haɗa famfo, aka zura tiyo cikin rijiya, aka ɗura masa ruwa a baki. Baban Esta ya naɗe igiya ya ja. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, ya yi tari biyu. A na gaba ya kama, da hayaƙinsa da ƙararsa duka, jakin ya tsorata ya ja da baya. Amma ruwa bai fito ba. Tiyon na ta shaƙar iska yana huci. Akoli ya ɗaga bakin tiyon da ruwa ke fitowa ya leƙa ciki, ya girgiza shi, ya sake leƙawa.

A nan ruwan ya zo, gaba ɗaya, ya buge shi a fuska. Amawalinsa ya zame ya faɗo har wuya. Mazan Abzinawa ba su buɗe baki a gaban mutane, balle gaban matar wani, ko shayi za su sha ta ƙarƙashin ƙyallen suke kai kofi. Shekarun da na yi ina sayen kayan mutumin nan, idanunsa kawai na sani. Ashe yana da wushirya, ashe gemunsa ya yi fari fat. Yana tsaye ruwa na zuba daga haɓarsa, bakinsa a buɗe yana dariya kamar yaro, bai ko kai hannu ya gyara ba.

"Ubangijina, rufe, akwai baƙi!" Illi ya yi masa tsawa ta cikin ƙarar injin.

"Bari tukuna," in ji Akoli. "Hannuna yana da aiki."

Ya ja tiyon da hannu biyu ya kai shi bakin magudana, ya ture ƙasar da ta tare fangalin farko da ƙafarsa. Dassin ta taso ta durƙusa a gefe, ta kwance tsumman hannunta a hankali, ta tsoma tafukan cikin ruwan da ke wucewa. Muka tsaya muna kallo har ya kai gindin albasar.